Ta yaya zan shawo kan Baba ya yarda a auna masa hawan jini?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Mahaifina ya haura sittin, yana da shago a Kantin Kwari, ya fita da safe sai Magariba. Bara ƙaninsa, Baffanmu, ya yanke jiki ya faɗi yana alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A gida aka ce iska ce, a asibiti suka ce hawan jini ne da ya daɗe yana cin sa ba a sani ba. Tun lokacin nake roƙon Baba mu je a duba jininsa da suga. Amsarsa ɗaya ce: "Lafiyata ƙalau, wanda ya je asibiti neman ciwo ai ba zai dawo hannu Rabbana ba." In na matsa, sai ya ce ko na gaji da shi ne. Ina zan ɓullo masa?

Nas Mai Dutin Dare:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baffa lafiya. Hawan jini ba ya sallama, mutum yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa, shi kuwa yana lalata ƙoda da zuciya da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Tunda kuma ya kama ƙaninsa, Baba ya fi wani bukatar awo, don abin yana bin dangi.

Ka daina ambata masa asibiti tukuna. Kemis da yawa suna da na'urar awon, ko ka saya ka ajiye a gida. Ya zauna ya huta minti 5, kada ya ci goro ko ya sha kofi rabin awa kafin nan, ya ɗora hannu a kan tebur. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci. In an samu 140/90 ko sama a ranaku biyu daban-daban, sai likita. In ya kai 180/120, ranar za ku tafi, ba gobe ba. Suga kuwa a auna da safe kafin ya karya. In an samu 126 ko sama a ma'aunin mg/dL, ko 7.0 in na'urar mai ma'aunin mmol/L ce, shi ma a maimaita a asibiti.

Dattijon Tudun Wada:
Yaro, ka ji daga sa'an mahaifinka. Ba awon muke tsoro ba, abin da zai biyo baya ne: a hana ka gishiri da magi da kilishi, a ɗora maka ƙwaya har ƙarshen rai, yara su fara yi maka kallon majinyaci. Sannan dattijo ba ya son ɗan cikinsa ya tsara masa rayuwa. Nemi amininsa na majalisa, musamman wanda shi ma yake shan maganin kuma yana harkokinsa. Ni abokina ne ya miƙo mini hannun na'urar a shagonsa, ya ce mu ga wa ya fi wani. Na fi shi, kuma ba abin alfahari ba ne. In limaminku zai tuna musu bayan sallah cewa neman magani ba ya warware tawakkali, ya fi maganarka tasiri.

Maman Biyu:
Kowa Baba, Baba. Hajiya fa? Mu mata sai muna da ciki ake auna mu, daga an daina haihuwa shi ke nan. Ka fara da ita a gabansa, har da gwajin ciwon hanta. Za ka ga ya matso yana tambayar nawa nata ya nuna.

Mai Keke Napep:
Ku faɗi gaskiya dai, in an gano ciwon da me za a sayi maganin? Wani gara bai sani ba.

Nas Mai Dutin Dare:
Malam, damuwarka gaskiya ce, magani ya yi tsada. Amma je ka tambayi mai zuwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako abin da yake kashewa. Kuma ka gaya wa likita ƙarfin aljihunka, akwai masu sauƙin kuɗi irin su amlodipine.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Baba yana da amini maƙwabcin shagonsa, gobe zan same shi. Anti Nas, wace na'ura zan saya, ta damtse ko ta tsintsiyar hannu?

Nas Mai Dutin Dare:
Ta damtse. Ka tabbata maɗaurin ya zagaye hannunsa daidai, in ya yi masa kaɗan lambar za ta hau fiye da gaskiya.