"Ba a raba hanta da jini": ta dace da aƙida da ƙuri'a?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Ana yawan jawo karin maganar nan idan ana so a ce addinin mutum shi ke zaɓar masa jam'iyya. Malamai, ta zauna a nan kuwa?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Rabinta ta zauna. Mutum ba ya ajiye imaninsa a ƙofar rumfar zaɓe, wannan gaskiya ne. Amma dubi Amurka: a 2016 kusan 8 cikin 10 na fararen Kiristocin Ibanjelika (wani reshe na Furotesta mai ba wa'azin bishara muhimmanci) Trump ɗan jam'iyyar Rifablikan suka zaɓa, alhali mafi yawan baƙar fata masu zuwa coci 'yan Demokrat suke bi. Littafi ɗaya suke karantawa. Waɗancan sun sa batun zubar da ciki da tsarin iyali a gaba, waɗannan kuma adalci da 'yancin da aka yi gwagwarmayarsa har aka samu dokokin 1964 da 1965 da suka haramta wariyar launin fata da tauye 'yancin zaɓe, kuma Martin Luther King da ya ja ragamar fasto ne. Abin da mutum ya ɗora a sama cikin koyarwar addininsa shi ke jan ƙuri'arsa.

Hajiya Malama: Malam, ni ina ganin "zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai" ta fi kama hanya. Hanta da jini halitta ce, wannan haɗin kuwa mutane ne suka ƙulla shi. A 1976 Ibanjelika da yawa Jimmy Carter suka bi, ɗan Demokrat kuma mai koyarwa a coci. Sai fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar siyasa ta Kiristoci mai suna Moral Majority a 1979, aka shiga rajistar masu zaɓe ta hanyar coci-coci, aka mai da hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1973 da ya halatta zubar da ciki abin awon ɗan takara. A 1980 Ibanjelika sun karkata ga Ronald Reagan, ɗan Rifablikan.

Ɗan Bincike: Hajiya, kin taɓo wurin. Masanin halayyar ɗan'adam Jonathan Haidt ya lissafa ginshiƙai biyar da mutane ke auna daidai da kuskure da su: tausayi, adalci, amana ga jama'arka, girmama na gaba, da tsarki. Masu neman sauyi sun fi jingina ga biyun farko, masu ra'ayin mazan jiya kuma suna ba duka biyar ɗin nauyi. Shi ya sa muhawara ke watsewa. Wani yana tambayar "wa aka cuta?", ɗayan yana tambayar "wace alfarma aka keta?", kowa na ganin ɗan'uwansa ba shi da tarbiyya.

Malamin Tarihi: Ku ƙara da matsi. A Jamus jam'iyyar Katolika ta Zentrum, wadda aka kafa a 1870, ta ƙara ƙarfi ne lokacin da Bismarck, shugaban gwamnatin ƙasar, ya takura wa cocinsu. Ruwa ba ya tsami banza.

Mai Tambaya: To yaushe za a faɗi "ba a raba hanta da jini" ba a yi kuskure ba?

Hajiya Malama: Faɗe ta ga wanda ke so mai imani ya yi zaɓe kamar ba shi da imani. Amma in ɗan siyasa ne ya jawo ta don ya nuna ƙin jam'iyyarsa ƙin addini ne, tambaye shi wace doka zai kawo, da wane kuɗi, kuma me ya yi da amanar da aka ba shi a baya.