Batirin motata na mutuwa tun da na sa rediyo mai Bluetooth

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu gyaran wutar mota, ina neman shawara.

Corolla ce 'yar 2008. Wata biyu da suka wuce na sa mata sabuwar rediyo mai allo da Bluetooth, don in daina riƙe waya a hannu ina tuƙi. Tun daga nan, in motar ta kwana biyu ba a tayar da ita ba, sai an tura. Na sayi sabon batiri, haka nan. Mun gwada da mita: a kashe yana nuna volt 12.6, inji na aiki kuma 14.2, wato altaneta, na'urar da ke cajin batiri, tana caji.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ko na zare makulli, wayata tana nan haɗe da rediyon. Ran nan ina zaure kira ya shigo, sai a cikin mota ya yi ta ƙara, ni ko ban ji komai ba. Ina zargin wanda ya ɗaura ta ya haɗa jar wayar wuta da ruwan ɗorawa wuri guda, alhali ja ta makulli ce, ruwan ɗorawa kuwa wutar dindindin. Shi dai ya rantse aikinsa daidai ne.

Sannan in ina magana a waya ta rediyon, akwai wani fito da ke ƙaruwa duk sanda na taka totur.

To, in fara da cire fiyus ɗin rediyo in gani, ko a buɗe bayanta kawai? Fiton kuma, rashin ƙasa mai kyau ne, wato wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota? Na gaji da cire kan batiri kowane dare.