Sienna ta hannu: wace shekara ce ta fi dacewa da iyali?

Da aka tattauna tsakanin makanikai da masu sayen mota, muhawarar ta fi zafi kan Toyota Sienna ƙirar 2004 zuwa 2010, domin jikinsu ɗaya ne amma injin ya bambanta.

Ta 2004 zuwa 2006 injinta mai lita 3.3 ne, kuma bel ke juya taimin, wato abin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul ɗin injin. Ana canza bel ɗin wajen kilomita 145,000, a haɗa da famfon ruwa tunda aikin kwancewa ɗaya ne. In mai mota ba shi da shaidar canzawa, a cire kuɗin aikin daga farashi.

Daga 2007 aka koma lita 3.5 mai sarƙa a maimakon bel, shi ya sa mafi yawa suka karkata can. Sai dai akwai tiyon baƙin mai na VVT-i (tsarin da ke sauya lokacin buɗe bawul) da ke da guntun roba a tsakiya. Zafi na cinye shi, ya fashe, mai ya tsiyaye cikin mintuna, injin ya buga. A haska da tocila, in roba ce a sa na ƙarfe zalla tun kafin tafiyar farko.

Ta 1998 zuwa 2003 kuwa, baƙin mai kan daskare mata a injin in an yi sakacin juye.

An ja kunne kan mai AWD, wato mai jan ƙafa huɗu: ba ta zuwa da safaya taya. Ƙofar gefe mai lantarki kuwa, a gwada ta, a buɗe a rufe sau da yawa, domin wayarta kan tsinke. Kada a dogara da bakin dillali kan shekara: alama ta goma a lambar shasi ce ke faɗa, 7 na nufin 2007, A kuma 2010.