Kolopati da koma etilik: me za mu ce da Hausa?

Ƴan uwa ma'aikatan jinya na Tawa da Yamai, ku taya ni. Da Faransanci aka koya mana aiki, amma a bakin gado da Hausa muke yin sa, kuma kalmomi biyu sun hana ni sakat.

Ta farko kolopati, wato ciwon hanjin da ake daɗewa ana fama da shi amma awo bai nuna komai. Makon jiya wata dattijuwa ta zo daga wajen Buza, hannu dafe da mara, ta ce: "Ɗiyata, shekara biyu ke nan, yau zawo, gobe ciki ya ƙulle, sai na zaga nake jin sauƙi." An auna bayan gida, babu amiba, babu tsutsa, jini ma lafiya. Likita ya rubuta kolopati. Da na faɗa mata, sai ta ce: "Basir ke nan?" In na ce e, gobe tana wurin mai jarkar magani tana wanke cikin da ba shi da laifi.

"Hanji mai fushi" fassarar sunan Faransanci ce kawai, ba wanda zai gane. Wata abokiyar aiki ta kawo "ɓacin ciki", amma wannan na kwana biyu ne bayan an ci abin da ya lalace. Ni na tsaya a kan "rikicin hanji". Hanjin ba shi da miki ko ƙari, motsinsa ne da saƙon da ke tsakaninsa da ƙwaƙwalwa suka rikice. Sunan kuma ya dace da tambayoyinmu. Ƙa'idar Roma ta 4, ta 2016, wadda likitoci suka tsara don gane wannan ciwo, ta ce ciwon ciki aƙalla rana 1 a mako cikin wata 3 na baya, wanda ya fara tun wata 6, tare da biyu cikin ukun nan: ciwon na da alaƙa da zagawa, yawan zagawar ya sauya, kamannin bayan gida ya sauya. Hoton Biristol, mai nuna kamannin bayan gida iri 7, na raba mara lafiya da kunya, nuni kawai zai yi da yatsa.

Amma kar sunan ya fito daga bakinmu in akwai jini, rama, zazzaɓi, ƙarancin jini, zawon da ke tada mutum cikin dare, ko ciwon ya fara bayan shekara 50. Wannan sai likita ya zurfafa bincike.

Ta biyu, koma etilik, wato suman da yawan shan giya ke jawowa, ta fi ci mini rai. Ana kawo matashi a sume, dangi na rufa asiri: "Ya bugu ne, barci yake." Kalmar maye ita ke sa a rufe masa ƙofa har safe, amai ya shaƙe shi. Ina son mu riƙa cewa "gubar giya". Bahaushe bai barin wanda ya sha guba shi kaɗai a ɗaki.

Tsorona ɗaya: da an ji guba sai a ɗauko madara a ɗura. Don haka sunan ya riƙa tafiya da gargaɗinsa: kar a ba shi komai ta baki, a kwantar da shi ta gefe, a kawo shi. Mu kuma mu ƙirga numfashi, ƙasa da 8 a minti hatsari ne, mu huda yatsa mu auna sukari don giya na kayar da shi, mu yi ma'aunin Gilasgo na zurfin suma, 8 ko ƙasa hanyar numfashi na cikin hatsari, mu shafa kai ko ya faɗi ya buga kan, mu lulluɓe shi musamman da hunturu.

Ƴan Yamai, a wajenku wanne dangi suka fi karɓa ba tare da jin an tona musu asiri ba, giya ko barasa?