Ladubban ziyartar gidan tarihi na Kaduna

A tattaunawar iyaye masu kai yara gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu, abin da aka fi nanatawa shi ne a kalla da ido, kada a taɓa. Mutum-mutumin Nok, wata tsohuwar al'umma ta tsakiyar Najeriya, na gasasshen yumɓu ne, wasu sun haura shekara 2,000, kuma gumi da maiƙon hannu suna ɓata su sannu a hankali. Ko gilashin da aka ajiye su a ciki ma kada a jingina da shi.

Batun hoto an ɗan yi saɓani. Ni dai a ganina a tambayi ma'aikaci tukuna. Abinci da ruwan leda su tsaya waje, a sassauta murya, a riƙe hannun ƙanana. Wanda siffofin ba su kwanta masa ba saboda addini, ya wuce ba tare da aibatawa ba.