Hadda tana zama, lissafi ya ƙi zama

Assalamu alaikum iyaye mata na Jidda, don Allah shawara nake nema.

Ɗana shekararsa 9. Larabci yake karantawa kamar ruwa, hadda ya kai izu biyar. Amma in na zuba dabino huɗu a faranti, sai ya taɓa su ɗaya-ɗaya kafin ya ce huɗu ne. Jiya na aike shi baƙala da riyal 10 ya sayo laban na riyal 3. Ya dawo da canji dunƙule a hannu, na tambaye shi nawa ne canjin, ya fashe da kuka. Ni ma sai da na share hawaye.

Babansa ya ce lalaci ne. Mun ɗaukar masa malami wata shida, abin da ya koya yau gobe ya zube.

Wata malama ta ce wataƙila diskalkuliya ce, wadda Larabawa ke kira usrul hisab: ƙwaƙwalwa ce ke wahalar gane adadi, ba daƙiƙanci ba ne, kuma ƙwaya ba ta maganinta.

To ina ake gwajin a nan? Likitan yara zan fara gani? Ajin su'ubatut ta'allum (na yara masu wahalar koyo) na makarantun gwamnati yana karɓar 'ya'yan baƙi masu iƙama (takardar izinin zama)? Wadda ta taɓa shiga wannan hali, yaya kike koya wa naki a gida?