Handikaf a wasan golf: ni dai "rata" ta kwanta mini

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Ranar Asabar da muka fito daga filin golf na Club Road, ƙanena da ya raka ni ya ce, "Yaya, wai mene ne handikaf ɗin nan da kuke ta faɗa?" Na buɗe baki, sai na ji babu Hausarsa.

"Nakasa" ce ke fara faɗo wa mutum a rai. Ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ba ta hau ma'anar ba, kuma akwai cin fuska a ciki.

Ga yadda abin yake. Fili mai rami 18, yawanci bugu 72 aka ƙiyasta wa gwani. In kai a ranar da hannunka ya faɗa kana gamawa da 90, lambarka na wajen 18 ke nan, kuma ranar gasa za a ɗebe maka su don ka iya karawa da wanda ya fi ka. Daga 2020 aka fara aiki da tsari guda na duniya: a dubi wasanninka 20 na ƙarshe, a tsamo 8 mafi kyau, a fitar da matsakaicinsu, tare da la'akari da wuyar filin. Lambar ba ta wuce 54.

Wani dattijo da muke wasa tare ya kawo "rangwame". Ranka ya daɗe, ta yi kusa, amma ku je Kantin Kwari ku gani: wa ke son a rage masa rangwame? Wanda ya ɗauke ta haka zai so ta ƙaru, kuma daga nan ake samun mai ɓoye katinsa mai kyau, wato takardar da ake rubuta yawan bugunsa, don ya ci kofi.

Shi ya sa na tsaya a kan "rata". Muna yara, in za a yi tsere a lungu, babba kan ce wa ƙarami "na ba ka rata". Daidai da wannan. Sannan rata ita ce tazarar da ke tsakaninka da gwani, kuma babu mai son tasa ta yi faɗi. Da ka ce "ratata 20", zuciya ta riga ta fara neman 19.

Ni abin da ya fi rage mini tawa shi ne miƙa kowane kati, mai kyau da mummuna. Tunda 8 kawai za a ɗauka cikin 20, rana ɗaya ba ta rushe komai, sai na daina ɗaukar haushin wani rami ina kai wa na gaba. Na kuma mayar da rabin atisayena na bayan sallar asuba kan gajeren bugu na kusa da rami, don a nan nake zubar da yawanci. Ba shi da armashi kamar bugun nesa, na sani.

Mai lambar sifili ya zama "marar rata". Saura wanda ya zarce sifili, wanda ƙara masa bugu ake yi maimakon a ɗebe. Ina tunanin "mai ba da rata". Ku me kuka gani?